Ranar da Na Shanya Batir a Filin Gwanjo

Motoci shida, mutum shida suna jira a gida, jirgin ruwa ɗaya da ba zai tsaya wa kowa ba, sai kuma sunana a wurin wani dattijo da bai taɓa ba ni aiki ba sai wannan karon. Duka wannan na ɗora a kan wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannuna ba, wata Laraba cikin zafin bazara a filin gwanjon motoci. Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi a Greensboro, ko kalar motar da na fara sayarwa sai na tsaya na yi tunani, amma wannan Larabar ta zauna mini daram, kuma ban ga ranar da za ta fita daga kaina ba.

A lokacin, titin da ake kira Gate City Boulevard yanzu High Point Road muke ce masa. Da tuƙin tasi na fara a garin, na koma wanke motoci a filin wani dila, har Allah ya sa na tara abin da na yanki lasisi na kama ɗan filina. Bai cin mota fiye da goma sha biyu, yana maƙale tsakanin wani mai gyaran taya da kantin kayan abinci. Sana'ar ba ta da wani ɓoye: ka je gwanjo ka saya, ka gyara abin da ya gyaru, ka sayar a nan ko ka loda zuwa Kwatano. Rubutuna kuwa duk inda na samu nake yinsa. Bayan ambulan, rasidin mai, wani lokaci tafin hannu. Sau biyu mai ɗakina tana wanke mini wando da lambar wayar mai saye a aljihu. Bayan karo na biyu da kwana uku, sai ga ta da kwali.

Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga likitoci suna yawo da irinta a aljihun riga. 'Yar kwamfuta ce mai fuska launin toka, ba ta da maɓallan haruffa, sai wani ɗan tsinke na roba da ke zaune a gefenta. Da tsinken ake rubutu a wani ɗan fili da ke ƙasan gilashin. Na zauna a teburin cin abinci ranar Lahadi da la'asar, na ja tsinke na rubuta sunana yadda na saba sa hannu a takarda. Abin da ya fito ko mai shi bai iya karantawa.

"Wannan ai ba ta jin magana," na ce. "Ki mayar musu."

"Tana ji, Maigida. Kai ne kake mata magana da baki cike. Ba ita za ta koyi hannunka ba, kai za ka koyi nata."

Ta jawo kujera ta nuna mini. Filin rubutun kashi biyu ne, hagu na haruffa, dama na lambobi, idan ka sa lamba a hagu sai ta mayar maka da ita wani abu dabam. Kowane harafi ja ɗaya ne, ba a ɗaga tsinke sai an gama shi, kuma kowanne yana da inda ake fara shi, an sa ɗigo a sitikar da ke cikin murfi. Harafin A ba a sa masa sandar tsakiya, rumfa kawai za ka yi. Ba a jera haruffa kamar a littafi, a wuri ɗaya ake tara su, wannan kan wannan, su kuma suna fitowa a jere a sama. In ka yi kuskure, ka ja layi daga dama zuwa hagu, ya goge. In kana son tazara, ka ja daga hagu zuwa dama. Sannan ta ce in riƙa yin su manya-manya, in cika filin, don ƙananan haruffa ne ke rikita ta.

Na yi mako biyu ina fama kamar ɗan aji ɗaya. Amma ni mutum ne da idan na ga abu zai kawo mini sauƙin kasuwa, ba na jin kunyar koyo. Daga baya har dabaruna na ƙaro. Na manna salatif a filin rubutun don kada ya karce, kuma ya sa tsinken ya daina zamewa. Na daina amfani da biro a kanta tun ranar da na bar mata tabo. Na ɗaure tsinken da zare, saboda na ɓatar da biyu a ƙarƙashin kujerun motoci. Kalmomin da nake yawan rubutawa, irin su giya tana fizga ko injin yana shan baƙin mai, na yi musu gajerun hanyoyi, haruffa biyu sai jimla ta fito cikakkiya. Idan na ga ina taɓa nan tana amsawa can, na san lokacin saita ta ya yi, sai in kira ɗan gicciyen da take nunawa in dangwala masa tsinke a tsakiya.

Abu biyu ne kawai na raina. Akwai wani mazauni da ke haɗe da kwamfutar gida, ka ɗora ta a kai ka danna maɓalli, duk abin da ke cikinta ya kwafu. Mai ɗakina ta ce kullum in riƙa yi. Ni a ganina aikin marasa aiki ne. Na biyu batir. Ita take canza mini, kuma kullum sai na ga ta jera sababbin a gabanta tukuna, sannan ta yi wuf-wuf kamar mai cire garwashi da hannu. Har tsokanarta nake yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Littafin bayanin da ya zo a kwalin kuwa ko buɗe shi ban yi ba.

Dattijon da na ambata Alhaji ne mai kantin kayan abincin gida, ya riga yawancinmu zuwa garin. Mutane daga Kano da Kaduna ta hannunsa suke aiko da saƙon mota, don sun yarda da shi. Shekara da shekaru wani mutumin Damagaram yake ba wa aikin, dila ne babba da kowa ke kira Patron. Ni Bakano, shi Badamagare, saboda haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Tun da ya ga na'urar ya raɗa mini Mai Allo. Wata Juma'a bayan an idar da salla, Alhaji ya tsayar da ni a wurin ajiye motoci ya ce kwantenar Patron ta cika, ga saƙon mutum shida, zai gwada ni.

"Ba na son surutu," ya ce. "Mota mai lafiya nake so. Waɗannan mutanen ba su ga motar ba, fuskata suka gani."

A tsaye a wurin na rubuta abin da kowa yake so, iri da shekara da iyakar abin da zai iya biya.

Gwanjon na dillalai ne kawai, a wajen gari, Laraba ake yi. Talata ake barin mutum ya shiga ya duba. Na wuni a filin nan rana tana dukana, na buɗe mota talatin da ɗaya. Kowacce na tayar da inji, na leƙa ƙasa, na ɗaga kafet na sansana, domin motar da ta sha ambaliya tana iya yin kyau a ido amma hanci ba ya ruɗuwa. Na ware sha huɗu da irinsu da shekararsu suka dace da saƙon. Kowacce na rubuta lambar da aka zana mata a gilashi, da laifinta, da inda zan tsaya a farashi. Na dawo gida a gajiye, mai ɗakina ta ce in ɗora a mazauni, na ce gobe.

Da safe na isa da wuri. Ina kunna na'urar sai ga gargaɗi, batir ya yi ƙasa. Ba ni da wani a mota. To ni na tashi a gidan da ba a jefar da batir sai ya fara zubar da ruwa. Rediyon mahaifina idan ta fara shaƙewa, sai a ciro batiran a jera a kan katanga su sha rana, da yamma a mayar, ta kai mu har ƙarshen labarai. Na yi wannan ya fi sau ɗari da hannuna, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ko tunani ban yi ba. Na ciro su biyun, na jera a gaban mota ƙarƙashin gilashi inda rana ta fi bugawa, na tafi karɓar bajin shiga, na sayi kofi, na tsaya gaisawa da mutane. Ina jin na yi minti ashirin, har ina yaba wa kaina dabara.

Na dawo na same su da zafi rau, na mayar. Ta kunnu kuwa. Amma maimakon jerin motocina, sai ga ɗan gicciye tana cewa in dangwala, kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Na dangwala. Ta tambaye ni kwanan wata. Na buɗe wurin rubutu, fayau. Na buɗe lambobin waya, fayau. Na kashe na kunna, na girgiza ta, har hura mata iska na yi. Kofin nan ban san lokacin da ya zube mini a takalmi ba.

A haka Patron ya same ni. Ya leƙo ta taga ya ce, "Mai Allo, lafiya? Ko an wanke allon an shanye?"

Na gaya masa abin da na yi. Ya dube ni, ya dubi rana, sai ya dafa motar ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Pil ka shanya? A Amurka? Kai Bakano, wallahi ko Aljanna aka kai ku sai kun tambayi ragi. Pil na dala biyu!"

Pil shi ne batir a Faransancin mutanen Nijar. Na kira gida, Allah ya sa ranar hutunta ce. Da na faɗa mata sai ta ce, "Minti ɗaya take iya riƙewa babu batir, Maigida. Shi ya sa kake ganin ina sauri. Da ka bar su a ciki, ko ta mutu ta ƙi kunnuwa, kayanka suna nan har kwanaki." Ba ta ƙara da ai na faɗa maka ba, kuma har yau ina ganin girmanta a kan wannan. Ta ce in riƙe waya. Ashe duk Lahadi idan ina barcin rana tana ɗaukar na'urar ta ɗora a mazauni. Saƙon mutum shidan yana nan a kwamfuta, ta karanto mini ɗaya bayan ɗaya. Amma wunin Talata ya tafi, babu inda yake sai abin da ya rage a kaina, shi ma ya cakuɗe. Na tuna akwai mai warin ruwa, akwai mai giya tana fizga, amma wacce ce wacce?

Saura minti arba'in a fara. Patron ya gama dariyarsa, ya zaro 'yar tocilar da yake leƙa ƙasan mota da ita, ya ciro batiranta ya miƙo mini, ya ce sababbi ne.

"Bon, tashi. Ni in shiga ƙasa, kai ka buɗe sama ka rubuta. Amma da sharaɗi biyu. Duk gurbin da ka kasa cikewa a tirelar da ka ɗauka ta kai motoci bakin jirgi, nawa ne. Na biyu, labarin nan ni zan ba da shi a kantin Alhaji, ba kai ba."

Na san me yake nufi. Duk motar da na rasa ribarsa ce. Amma na san kuma ba mutumin da zai ce mini ruɓaɓɓiya lafiya lau take ba ne, kuma ni ma ba makaho ba ne. Na ce na yarda da na farko, na biyu kuma mu ga wanda zai riga isa.

Muka shiga fili da gudu, ƙato da ƙato. A nan na gane wani abu game da tsinken nan. Ina sauri, sai na'urar ta koma yi mini irin na ranar farko, ina rubuta giya tana fito da shirme, ina gogewa ina sakewa. Gajerun hanyoyin da na yi duk sun tafi tare da sauran. A mota ta biyu na tsaya cak, na ja numfashi, na ce wannan ba za ta kai ni ba. Sai na bar ɓangaren haruffa gaba ɗaya na koma na dama, don lambobi goma ne kacal kuma ba ta cika kuskure a kansu ba. Lambar mota, tazara, sannan ɗaya idan lafiya, biyu idan ƙaramin gyara, sifiri idan kada a taɓa. Sai farashi. Manya-manya, a hankali. Abin mamaki, da na rage sauri sai aikin ya fi gudu.

Patron yana ƙasa yana ihu, "Wannan tana yoyo, sifiri! Rubuta, malamin makaranta!" Ni ina sama ina sansana kafet. Wani Bature dila ya tsaya yana kallonmu kamar ya ga masu neman zoben da ya faɗi. Mun gama tara daga cikin sha huɗun direbobin filin suka fara zuwa suna jan motoci zuwa layi. Da mota ta shiga layi shi ke nan, ba ka da damar ɗaga kafet.

A cikin rumfar gwanjo mota ba ta yin minti ɗaya a gabanka. Mai kiran farashi yana zuba kamar an kunna inji, kai dai idonka a kan lamba. Ina riƙe da na'urar a hagu, in ga lamba, in duba, in ɗaga hannu ko in bari. A cikin taran, uku sifiri ne. Biyu aka wuce ni a farashi, na bar su, don iyakar mai saƙo iyaka ce. Huɗu na samu.

Sai ga wata ruwan toka ta shigo, irin da wata malama mai ritaya a Kaduna ta aiko a saya mata, shekara da komai daidai. Tana cikin biyar ɗin da ba mu kai gare su ba. Na tuna sarai ranar Talata irinta biyu na gani gefe da gefe, ɗaya tsaf, ɗaya da warin ruwa a ƙarƙashin kujerar baya. An kunna mata jar fitila, ma'ana yadda ka gan ta haka ka saya, babu dawowa. Farashin ya tsaya ƙasa sosai. Patron ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ɗaga mana. Ko ba ka son mota biyar?"

Hannuna har ya motsa. Rabi da rabi ne, kuma idan ita ce mai ruwan, sai ta yi wata uku a Kaduna kafin wayoyinta su fara haukacewa, lokacin kowa ya manta da ni, Alhaji za a kira. Na sa hannun a aljihu na riƙe shi a can har aka buga guduma. Har yau ban san wacce ce a cikin biyun ba. Mai yiwuwa mota mai kyau na bari ta wuce a banza. Patron ya dube ni ta gefen ido.

Daga filin kai tsaye na wuce kantin Alhaji, ban ma tsaya cin abinci ba, don in riga Badamagaren nan. Na same shi yana jera galan-galan na manja. Na ce masa huɗu na samo, ba shida ba, kuma laifina ne, na faɗa masa yadda aka yi tun daga katangar mahaifina. Ya ajiye galan ɗin ya zauna a kan buhun shinkafa yana dariya marar sauti, kafaɗunsa suna rawa.

"Mu har tauna batiran muke yi," ya ce. "To amma tsaya. Filin cike yake da motoci. Me ya hana ka cike biyun da ko wacce? Wa zai sani?"

"Ban duba su ba, Alhaji. Ko in ce na duba, amma abin da na gani ya gudu. Ba zan aika wa mutum abin da ni kaina ban sani ba."

Sai ya ce shi zai kira mutum biyun da kansa, wanda zai iya jiran jirgi na gaba ya jira. Muna cikin haka Patron ya banko ƙofa yana haki, ya ga an riga shi, ya ce Bakano ko a labari sai ya ci riba. Duk da haka sai da ya sake bayarwa daga farko, da ƙari, kuma ya yi shekaru yana bayarwa a duk taron suna da ya gan ni.

Na yi amfani da na'urar nan wajen shekara huɗu bayan haka, kafin waya ta zo ta haɗiye aikinta. Abin da ranar ta koya mini ya wuce na'ura. Dabarar da ta yi maka aiki shekara talatin tana iya zama ita ce za ta kayar da kai a sabon wuri, kuma ba za ka ji tsoronta ba saboda ka saba da ita. Idan ka ga wanda ya fi ka sanin abu yana yin wani abu da ya ba ka dariya, tambaye shi dalili kafin ka yi dariyar. Kuma idan ka yi ɓarna, tsaya a inda saninka ya tsaya, ka faɗi gaskiya da bakinka da wuri.

Ga yadda aka tashi. Gurbi biyu a tirela Patron ya cike da motocinsa, ni na biya kuɗin tirelar. Ɗaya daga cikin masu jiran bai jira ba, ya koma wurin Patron, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Malamar Kaduna ta jira wata guda, na samo mata wadda na ɗaga kafet ɗinta da hannuna. A cikin huɗun da suka tafi, ɗaya ta buƙaci gyaran na'urar sanyi da saurinmu ya sa ba mu gani ba, na gyara daga aljihuna kafin a loda. A wannan tafiyar kusan aikin banza na yi. Amma daga wannan watan har Alhaji ya rufe kanti ya koma gida, duk saƙon da ya zo masa kashi biyu yake raba shi, rabi Patron, rabi ni.